Tafiya Makka a ƙasa: shirin zuciya kafin a sake ɗaukar sanda

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi gabas, tana ratsa Gidan Rumji da Tibiri, ta bi ta gefen Maraɗi, sannan ta wuce Caduwa da Agye da Gazawa kafin ta isa Tasawa. Tun kafin a shimfiɗa mata kwalta, tun ma kafin mota ta shigo ƙasar, Gobirawa da Katsinawan wannan yanki suna fuskantar gabas da jakuna da sanduna, da niyyar sauke faralin aikin hajji. A gidaje da dama na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji ana tuna wani kaka da ya tafi Makka a ƙasa. Wani ya komo da furfura bayan shekaru, wani kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Daga jahar Maraɗi zuwa gaɓar Bahar Maliya, ta hanyar Cadi da Sudan, tafiya ce ta fiye da kilomita 4,000. Mai tafiya da iyali da dabbobi yakan ci kilomita 20 zuwa 30 a yini. Da a ce ba ya tsayawa ko kaɗan, da wata biyar zuwa shida ya ishe shi. Amma mutane sun yi ta shafe shekara uku, shekara bakwai, har goma da ɗoriya. Sauran lokacin duk a zango yake ƙarewa, wurin neman guzuri. Saboda haka mahajjacin ƙasa ba sau ɗaya yake barin gida ba. Yakan zauna, ya yi noma, ya saba da wuri, sannan ya tattara hankalinsa ya sake tashi, kuma wannan tashi na biyu da na uku shi ne ya gagari mutane da yawa.

Dalilin tafiya a ƙasa

Malaman zaure na ƙasar Hausa suna karantar da fiƙihu bisa mazhabar Imamu Malik, daga littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaidin da Muhtasar na Shehu Halilu. A wannan mazhaba, ikon da ke wajabta hajji shi ne mutum ya iya isa Makka ba tare da wahala mai tsanani ba, da amincin ransa da dukiyarsa. Ba a sharɗanta masa abin hawa ba in yana iya tafiya da ƙafa, ba a kuma sharɗanta masa tarin guzuri ba in yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya. Wannan fahimta ita ce ta buɗe wa talaka ƙofa. Manomi mai ƙarfin jiki, wanda ya iya wanzanci ko jima ko saƙar kaba, yakan ga cewa kiran ya haɗa da shi kamar yadda ya haɗa da attajiri.

A zamanin da, manyan ayarori sun fi bi ta arewa, ta Agadas da Fezzan zuwa Masar. Mansa Musa na Mali ya yi hajjinsa a 1324, Askiya Muhammadu na Songai kuma ya tashi a 1496, dukansu ta hamada. Hanyar gabas, wadda ta bi ta Borno da Wadai da Darfur, ta ƙara cika da jama'a bayan shigowar Turawa. A 1903 aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu yana kan hanyar hijira. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har ƙasar Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Daga nan sai masu tafiya suka san cewa akwai ƴan'uwa a gaba. A ɓangaren Faransa kuma, nauyin haraji da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946, ya ƙara tura mutane bisa hanya, wasu suka haɗa gudun wuya da neman lada.

Hanya da zangunanta

Mutumin Gidan Rumji ko Tibiri yakan gangara ta Maraɗi da Jibiya zuwa Katsina da Kano. Na Agye da Gazawa suna da zaɓi: ko su tsallaka iyaka kudu su haɗu da ayarin Kano, ko su miƙe ta Tasawa da Damagaram da Gure har gaɓar tabkin Cadi. Hanyoyin sukan haɗu a For Lami, wato Njamena ta yau. Daga nan sai Abashe a ƙasar Wadai, sai Jinena da Fashir a Darfur, sai Al'ubayyid a Kordofan, sai kogin Nilu, sai Sawakin a bakin teku. Tsakanin gaɓar Sudan da Jidda akwai ruwa na kusan kilomita 300.

Ana tashi bayan kaka, lokacin da aka kai amfanin gona rumbu, sanyi ya sauka, laka ta bushe a fadamun Borno da Cadi. In damina ta riski ayari a hanya, dole a tsaya, domin ƙasar ba ta takuwa, kuma lokacin noma ne. A wasu wurare na Kordofan rijiyoyi suna da nisa da juna, mazauna wurin suna tara ruwan sama a cikin kogon kuka, matafiyi kuwa sai ya saya ko ya roƙa. Jirgin ƙasa ya iso Al'ubayyid a 1912, daga baya ya kai Niyala wajen 1960, motocin kaya kuma suka fara ɗaukar fasinja. Duk da haka wanda ba shi da kuɗin mota ƙafarsa ce abin hawansa. A Sawakin hukumar Ingilishi takan tsare mahajjata don allurar rigakafi da biyan kuɗin jirgi. Waɗanda suka kasa biya sukan zarce Masawa a Eritiriya su haye cikin ƙananan jiragen ruwa a ɓoye, da dukan hatsarin da ke ciki. Akwai kuma tsoron masu sace yara su sayar, domin ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai a 1962.

Ban kwanan farko

Tashin farko yana da abubuwan da ke ɗaukar zuciya su tura ta gaba. Maniyyaci yakan zagaya dangi da maƙwabta ya nemi gafara. Yakan biya bashi, ya mayar da ajiya, ya bar wasiyya gaban shaidu, ya damƙa gonarsa ga ƙane ko ɗa. Akan yi saukar Alƙur'ani, a raba sadaka. Mata sukan haɗa guzuri na ƙuli-ƙuli da dakuwa da garin gero, maza su gyara salka da buta da buzu da takalma. Ranar tafiya gari yakan fito rakiya har bayan gonaki, liman ya yi addu'a, a shafa fatiha, a rabu da hawaye. Wanda aka yi wa irin wannan rakiya, kunya kaɗai ta isa ta hana shi juyowa daga zangon farko. Kuma bai san abin da ke gabansa ba, rashin sanin nan kuwa yana rage tsoro.

A tashi na biyu babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babu dangin da za su raka shi, babu wanda zai zarge shi in ya ƙara shekara guda. Ya riga ya san zafin ƙaya da faso, ya san yadda ƙishirwa take, wataƙila ma ya binne ɗa ko abokin tafiya a gefen hanya. Yanzu yana da bukka da gona da masu sayen kayansa. Duk abin da ya tura shi daga gida ya yi nisa, abin da ke riƙe shi kuwa yana kusa.

Zango mai riƙe ƙafa

Babu inda wannan ya fi bayyana kamar yankin Jazira na Sudan, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe manyan gonakin auduga na noman rani, waɗanda ke bukatar hannaye masu yawa. Mutanen Yammacin Afirka, waɗanda ake kira Fallata ko Takari, suka zama ƙashin bayan wannan aiki. Mahajjaci yakan iso da niyyar tsintar auduga ta shekara ɗaya don ya sami kuɗin jirgin ruwa. Sai ya ci bashin hatsi kafin girbi, girbi ya zo ya tafi wurin biyan bashin, ya sake cin wani. Ana cikin haka a haifa masa ɗa, ƴarsa ta isa aure, matarsa ta kwanta ciwo. Kowane dalili gaskiya ne, kuma kowanensu yana cewa a bari sai baɗi.

Wani masani mai suna Bawa Yamba ya zauna cikin Hausawan Wad Madani da ƙauyukan Jazira, ya fitar da littafi a kansu a 1995. Ya tarar da mutanen da aka haifi iyayensu da kakanninsu a Sudan, amma suna kiran kansu mahajjata da ke kan hanya. Suna zaune cikin gidajen da ba a gina su don daɗewa ba, suna cewa za su ƙarasa Makka ranar da Allah ya nufa, alhali tsakaninsu da teku tafiya ce ƴar kaɗan in an gwada da wadda kakanninsu suka yi. Kafin shi, wasu masana sun bi sawun Hausawan Cadi da masu bin hanyar ƙasa a shekarun 1970, suka tarar da unguwannin Hausawa jere a garuruwan hanya, yawancinsu zango ne da ya rikiɗe ya zama gari. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba.

Ba daidai ba ne a ɗauki waɗannan bayin Allah a matsayin waɗanda suka yi sakaci. Sun raya ƙasa, sun gina masallatai da makarantu, sun sauki dubban baƙi sun ciyar da su. Amma labarinsu yana nuna cewa niyya takan iya zama a baki shekara da shekaru ba ta sauko ƙafa ba. Waɗanda suka ƙarasa suka komo Gobir da Katsina, su ne suka san yadda ake sauko da ita.

Yadda ake shirya zuciya

Abu na farko shi ne sabunta niyya. Malaman da ke cikin ayari sukan tunatar da mutum abin da ya fito da shi daga gida, su umurce shi da yin istihara. Fiƙihu ma ya sa iyaka a fili tsakanin matafiyi da mazauni. Wanda ya nufi tafiyar mil 48 yana yin ƙasaru, wato ya mai da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu. Da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, ya zama mazauni, sai ya cika salla. Ranar da ya sake tashi, in ya wuce gidaje da lambunan ƙarshe na garin, sai ya koma ƙasaru. Don haka azahar ta farko da mahajjaci zai yi raka'a biyu bayan shekara biyu yana yin huɗu, shaida ce tsakaninsa da Ubangijinsa cewa ya bar zaman nan.

Na biyu shi ne sa rana da bayyana ta. Wanda ya ce zai tashi in hali ya yi, hali ba ya yi. Wanda ya ce zai tashi bayan an gama tsintar auduga, ko kwana bakwai bayan ƙaramar salla, ya faɗa wa mai unguwa da liman, ya ɗaure kansa da igiyar da dangi suka ɗaure shi da ita a gida. Da yake watan hajji yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, mai lissafi yakan ƙirga watannin da suka rage, ya san cewa jinkirin wata ɗaya yana iya jawo masa zaman shekara guda a bakin teku.

Na uku shi ne warware abin da ke tsakaninsa da mutanen zango. Bashin da aka ci a Abashe ko a Jazira daidai yake da wanda aka ci a Caduwa, ba a tafiya ɗakin Allah da haƙƙin wani a wuya. Mai shirin tashi yakan daina karɓar sabon bashi tun damina, ko da zai rage cin abinci. Yakan nemi gafarar maƙwabta da mai gonar da ya yi wa aiki, kamar yadda ya yi a garinsu. Wanda ya yi aure a zango kuwa, dole ya zauna da matarsa da waliyyanta a yanke magana: ko ta bi shi, ko ya bar mata abin da zai riƙe ta, ko a rabu da alheri. Yawancin waɗanda suka maƙale, a wannan gaɓa suka maƙale, domin sun kasa buɗe baki su yi maganar.

Na huɗu shi ne rage kaya. Zama yana tara tarkace: gado, turmi, tukwane, kaji, awaki. Mai tashi yakan sayar da abin da ke sayuwa, ya mai da shi kuɗi ko dabbar da ke iya tafiya, sauran ya rabar. Duk abin da ya fita daga ɗaki yana sassauta wa zuciya, har ranar da mutum zai duba ya ga bai mallaki kome ba sai abin da jaki ɗaya ke ɗauka. Abin da ba a bari shi ne kayan sana'a, aska ko allura ko allo da tawada, domin su ne guzurin zango na gaba. Da yawa kuma sukan riƙe ƙyallen likkafani a ƙasan jaka. Mai ɗauke da likkafaninsa ya riga ya yi wa kansa maganar da ta fi kowace nauyi, sauran tsoro sai ya zo da sauƙi.

Na biyar shi ne tuna wuyar baya yadda take. Akwai mai tuna wuya har ta hana shi motsi, akwai kuma mai mantawa da ita har ya sake faɗawa ramin da ya taɓa faɗawa. Mai hankali yakan zauna ya tantance: a ina ruwa ya yanke, mene ne ya kashe jakin, wace cuta ta kama yara, wane kuskure ne nasa, wane ne kuma ƙaddara. Sannan ya nemi masu komowa daga gabas ya tambaye su labarin rijiyoyi da masu tare hanya da kuɗin fito. Da haka tsoron da ba shi da suna yakan zama abubuwa ƙididdigaggu waɗanda ake iya yi wa tanadi.

Na shida shi ne abokan tafiya. Fataken Hausa sun daɗe da sanin tsarin ayari, da madugu mai shugabanci da jagaba mai shiga gaba, mahajjata kuma suka gaji tsarin. Mutum ɗaya yana iya karya alkawarin da ya yi wa kansa, amma gida biyar da suka sa rana tare, suka haɗa kuɗin hatsi, da wuya ɗaya ya janye. A hanya ma, ranar da gwiwar wani ta yi sanyi, ta wani tana da ƙarfi. Mata suna da babban rabo a nan. Su ne ke soya ƙosai da dama fura a kowane zango su tara kuɗin tafiya, kuma sau da yawa uwar gida ce ke tuna wa mai gida cewa ba don auduga suka baro garinsu ba.

Na ƙarshe shi ne mai da jiki ga tafiya sannu a hankali. Ƙafar da ta yi shekara biyu tsakanin gida da gona ta manta da doguwar hanya. Saboda haka ayari yakan yi zangon farko kusa da gari, a kwana a nan, a ga abin da aka manta da abin da ya yi nauyi, a gyara ɗaurin kaya. Kwanakin farko ba a tsawaita tafiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Komowa ma tashi ce

Wanda ya tsaya Arfa ya ziyarci Madina bai gama ba, domin kilomita 4,000 ɗin nan suna jiransa. A wannan karo babu ɗokin ganin Ka'aba da zai ja shi. Guzuri ya ƙare, jiki ya tsufa, kuma yana tsoron abin da zai tarar: iyayen da suka rasu, gonar da aka raba, matar da ta gaji da jira. Wasu sun zaɓi zama a Makka ko Jidda ko Sudan saboda wannan. Waɗanda suka komo sun shirya zukatansu da tunanin cewa akwai haƙƙin dangi a kansu, kuma ilimin da suka samo amana ce ta mutanen garinsu. A zamanin da alhaji ɗaya ne ko biyu a kanto guda, komowarsa takan zama makaranta ga jama'a.

Akwai kuma waɗanda suka komo suka huta, sannan suka sake ɗaukar sanda, ko don su raka mahaifiya, ko don su nemo ɗan'uwan da ya maƙale a hanya. Tarihi ya riƙe sunan Malam Jibrilu ɗan Umaru, babban malamin ƙasar Adar kuma malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya je hajji sau biyu a ƙarni na 18.

Wanda aka ce ya koma

Cikin shirin zuciya har da yarda a fasa in sharaɗi bai cika ba. Shehu Usmanu yana saurayi ya bi Malam Jibrilu har Agadas, yana son ya wuce tare da shi zuwa Makka. Malamin ya mai da shi gida domin mahaifinsa bai ba shi izini ba. Shehu ya koma ƙasar Gobir, bai kuma samu zuwa hajji ba har ya rasu a 1817. Ƙanensa Abdullahi ya bar rundunar jihadi a 1807 da niyyar tafiya gabas, ya isa Kano, mutanen birnin suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su. Ya tsaya, ya rubuta musu littafi kan hukuncin mulki, sannan ya koma wurin ɗan'uwansa. Babu wanda ya ce waɗannan bayin Allah sun gaza. Bambancinsu da wanda zango ya cinye shi ne, su sun duba hukunci suka yanke shawara, shi kuwa shekaru ne suka yanke masa.

Abin da ya rage ga mutanen yau

Hanyar da kakanni suka bi ta rufe. Tun daga shekarun 1960 ƙasashe suka tsaurara iyakoki da takardu, jirgin sama kuma ya mai da tafiyar shekaru ta zama ta sa'o'i. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, ya ci Jinena da Fashir da Hartum, ya kai har Wad Madani, ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, cikinsu har da jikokin mahajjatan da aka ambata. Sharaɗin amincin hanya, wanda malaman Malikiyya suka sa a gaba, ba ya cika a inda ake yaƙi. Saudiyya kuma ba ta yarda kowa ya shiga aikin hajji ba tare da izini ba. A Nijar hukumar COHO ce aka ɗora wa tsara hajji da umara, ta hannunta da kamfanonin da ta amince da su ake samun kujera. A hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 50 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu, hukumomin Saudiyya kuma suka bayyana cewa mafi yawansu ba su da izini, sun yi doguwar tafiya cikin rana ba inuwa ba tanti. Saurayin Gazawa ko Gidan Rumji da wani ya zo ya ruɗe shi da hanyar ɓoye, ya kamata ya san wannan, ya kuma tuna da wanda aka mayar daga Agadas.

Duk da haka tafiyar ƙasa ba ta mutu ba a duniya. Wani Ba'indiye mai suna Shihab Chottur ya bar jahar Kerala da ƙafa a watan Yuni na 2022, ya yi tafiyar fiye da kilomita 8,000, ya isa Makka a 2023. A kan iyakar Pakistan ya yi watanni yana jiran biza, kuma da ta fito ya sake ɗaukar jakarsa. Ya bi ta hanyar takardu, ya yi haƙurin zango, ya kuma tashi da lokacin tashi ya yi.

Manomin da ke tara kuɗin kujera daga aya da wake da riɗi, shekara bayan shekara, shi ma mai zaman zango ne. Fari yakan cinye abin da ya tara, ko ciwo, ko aurar da ƴaƴa, sai ya koma farko. Maniyyatan 2020 da 2021 sun ga haka, lokacin da annobar korona ta hana baƙi shiga, suka jira har 2022. Abin da ya ƙarasa da kakanni shi ne zai ƙarasa da shi: ya sabunta niyya, ya sa lokaci, ya kiyayi bashi, ya nemi abokan kirki, ya bi hanyar da hukuma ta tsara. Kuma ko wanda ya je a jirgi bai tsira daga tafiyar ƙafa ba. Tsakanin Makka da Arfa akwai kimanin kilomita 20, safa da marwa sun haura kilomita 3, ga ɗawafi, ga zuwa jifa daga Mina kwana bayan kwana cikin zafi da cunkoso. Tsohon da zai tafi, ya kyautu ya fara taka ƙafa tun watanni kafin tashi, ya ga likita, ya yi allurar sanƙarau da ta shawara, ya koyi hukunce-hukuncen aikin a wurin malamai.

Ma'aikatan hukuma da malaman yaƙi da jahilci na Agye, Gazawa da Gidan Rumji suna da wani aiki a nan. Tsofaffin da suka taka wannan hanya da ƙafafunsu, ko aka goya su a kanta suna yara, sun kusa ƙarewa. Wanda ya koyi rubutu ya zauna da su ya rubuta sunayen zanguna da rijiyoyi, da shekarun da aka yi, da waɗanda aka binne a hanya, da dangin da suka rage a Cadi da Sudan, ya ajiye wa jikoki.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta tsakanin Gulbin Kaba da Bahar Maliya, ya kawo zaman lafiya a ƙasar Sudan, ya kuma kira duk mai niyya zuwa ɗakinsa mai alfarma.